Sarƙar Alfadarin Attajiri

Saura kaɗan a buɗe Gidan Bene ga jama'a aka wayi gari babu sarƙar.

Gidan Bene shi ne abin da garin yake nuna wa baƙo. Wani attajiri ne ya gina shi tun lokacin da babu wani bene a garin. Da ya rasu 'ya'ya suka watse, gara ta ci katako, jemagu suka gaji sama, awaki suka gaji ƙasa. Sai bara babban ɗansa, tsohon da kowa ke kira Kawu, ya tara dangi aka yarda a gyara gidan a mai da shi gidan tarihi. Aka ɗauko malamar tarihi daga babban gari, aka ba magini aiki. Aka fito da gadon ƙarfe na attajirin, da agogon bangonsa, da sikelinsa, aka goge aka jera.

A can ƙarshen tsakar gida akwai wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa. A nan magini ya tarar da sarƙa kafe a bango, da marin ƙarfe na ɗaure ƙafa a bakinta. Ya ciro ta don ya yi wa bangon filasta, ya ajiye a kan tebur a cikin ɗakin. Malama ta tambayi Kawu ta mece ce, ya ce ta alfadarin da mahaifinsa ke ɗora wa kaya ce. Ta rubuta haka a ɗan allo. Da safe ga allo, ga tebur, babu sarƙa.

Nan da nan ƙofar gida ta cika. Aka aika a kira Duba-Ƙasa.

Duba-Ƙasa mai bin sawu ne. Shekarunsa sun haura hamsin, kuma rabinsu ya yi su ne a sunkuye yana bin sawun ɓarayin shanu da na masu haura katanga. Ya san aikinsa. Aibinsa ɗaya ne, yana son a ce ya sani, kuma yana son a faɗa da wuri.

Ya tarar da tsakar gidan kamar an shirya masa. Jiya da yamma leburori sun zuba yashi sun share da manjagara don za a jera tubalin daɓe, sannan aka yi ɗan yayyafi. Sawu ɗaya ne ya keta yashin, daga zaure zuwa ɗan ɗakin, ya dawo. Ya sa aka shimfiɗa katakai a gefen bango don kada a taka, ya tsuguna.

"Takalmin ruwa ne, dogon nan na roba," in ji shi. "Dugadugin hagu ya tsage, an ɗinke da waya."

Maigadin gidan ya juya ya dubi kusurwar zaure. Ga takalman nan a ajiye, jiƙaƙƙen yashi a jikinsu, ga waya a dugadugin hagu.

"Na wa ne?" in ji Kawu, yana dogare da sandarsa.

Duk idanu suna kan Duba-Ƙasa. Ya kamata ya ce bai gama ba. Bai bi sawun zuwa ƙarshe ba, bai shiga ɗakin ba, bai tambayi kowa komai ba. Amma wata mata a bayansa ta ce, "Kai, wannan mutum ko tururuwa ta wuce sai ya faɗi sunan ubanta." Maganar ta yi masa daɗi. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Takalmin magini ne."

Bai ce magini ne ɓarawo ba. Daga baya ya riƙa faɗa wa kansa haka. Amma wanda ya yi shekaru yana wannan sana'a ya san abin da taro ke ji idan aka ambaci sunan mutum a bakin sawu.

* * *

Magini ya iso da guduma da cokalin gininsa a buhu, bai san komai ba. Kafin ya gama sallama an riƙe masa wuyan riga.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ina sarƙar ubana?"

"Wace sarƙa? Ta ɗan ɗaki? Ni da na ciro ta da hannuna na ajiye muku?"

"Shi ya sa ka san nauyinta," wani ya faɗa daga baya, aka yi dariya.

"Takalmana kullum a zauren nan suke kwana! Maigadi, faɗa musu mana!"

Maigadi ya dubi rufi. Wani saurayi ya kai wa magini mari a ƙeya, wani ya ƙara. Malama ta yi ta cewa a bari, ba wanda ya ji ta. Kawu ya ɗaga sanda.

"Ku kulle shi a ɗakin da ya yi satar. In la'asar ta yi bai fito da ita ba, 'yan sanda za su zo su tafi da shi."

Aka bi da shi ta kan katakan, aka danna kansa ya shige gajeriyar ƙofar, aka sa kwaɗo. A daidai lokacin ne Duba-Ƙasa ya ga Goggo, ƙanwar Kawu, 'yar tsohuwa ƙarama da ke zuwa kullum tana goge kayan. Tana tsaye a bakin zaure. Da ta ji ƙarar kwaɗon sai ta zame ta zauna a ƙasa.

"Yaya, ba a ɗakin nan ba," in ji ta.

"Tashi ki tafi gida," in ji Kawu, bai ko dube ta ba.

Duba-Ƙasa ya ɗauka tausayin tsufa ne.

* * *

Tunda an ce magini ne, sai a nemi inda ya kai kayan. Mai satar ƙarfe wurin ɗan gwangwan yake zuwa, don haka can Duba-Ƙasa ya nufa, a bayan kasuwa.

"An ce kana sayen tsofaffin ƙarafa ba ka tambayar ubansu."

"Ƙarfe ba shi da uba, malam," in ji ɗan gwangwan. "Amma duba da kanka. In ka ga sarƙa na yarda ka ɗaure ni da ita."

Ya duba. Tsatsa ta kwanta a kan tarin ƙarafan yadda ruwan jiya ya bar ta, ba a ɗaga komai ba, ba a tura komai ƙarƙashi ba. Sawun da ke ƙofar shagon na mai shagon ne da na kaji.

"Maginin nan ma fa," in ji ɗan gwangwan, "kwanaki na ce ya sayar mini da tsoffin ƙusoshin gidan, waɗanda za a zubar. Ya ce ba nasa ba ne. Ƙusa, malam. Wanda ya hana ni ƙusa shi zai kawo mini sarƙa?"

Duba-Ƙasa ya koma ya sami maigadi.

"Ina kake da sassafe?"

"A bakin aikina."

"Gemunka da madara."

Maigadi ya shafa gemu. "To, na ɗan leƙa wurin mai shayi. Gari ya riga ya waye, wa zai yi sata da rana tsaka?"

"Ka kulle ƙofa?"

"Na ja ta. Ƙofar nan sai ka ɗaga ta sama kafin ta buɗu, baƙo ba zai iya ba. Ni kaina sai da aka koya mini."

"Wa ya koya maka?"

"Masu gidan mana. Shi ma magini ya iya, ai shi ya gyara ta."

Yana fitowa ya ci karo da matar magini a ƙofar gida, riƙe da kwanon abinci, an hana ta shiga. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, an ce kai ne ka gani a ƙasa. Me ƙasar ta ce maka? Ni dai na san tare muka karya kumallo."

Duba-Ƙasa, namiji mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai ya raɓa ta gefenta kamar shi ne ya ɗauki kayan.

* * *

Ya koma tsakar gidan, wannan karo ba taro, ba mai yabo. Ya yi abin da ya kamata ya yi tun da safe, ya bi sawun taki bayan taki.

Abu na farko da ya gani shi ne yanayin takun. Dugadugin yana jan ƙasa kafin ya tashi, gaban takalmin kuma bai nutse ba. Ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba. Takun gajere ne, magini kuwa dogo ne mai taku kamar yana auna fili. Wannan ko sabon shiga zai gani, in ya duba.

Abu na biyu ya fi ɗaure masa kai. Daga zaure zuwa ɗan ɗakin hanya miƙaƙƙiya ce, babu dutse, babu rami, babu itace. Amma a tsakiyar fili sawun ya karkata dama, ya yi rabin da'ira, sannan ya koma kan hanya. A dawowa ma haka, da nauyin sarƙa a hannu, ya sake kewaye wurin. Duba-Ƙasa ya tsaya a kan abin da aka kewaye. Yashi ne kawai.

Ya karɓi mabuɗi wurin malama, ya sunkuya ya shiga ɗakin. Magini yana zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure.

"Ka zo ka auna ƙafata?"

"Na zo tambaya. Mene ne a tsakiyar filin nan?"

"Yashi."

"Ƙarƙashin yashin."

Magini ya ce, "Da muna baje ƙasa diga ta ci karo da bakin rijiya. An cike ta tun ba a haife ni ba. Ta yi tauri kamar dutse, kullum baro a kanta yake bi."

"A cikin ma'aikatanka akwai mai kewaye wurin?"

"Don me? Lebura da buhun siminti a ka zai ƙara wa kansa hanya?"

Idon Duba-Ƙasa ya saba da duhun ɗakin. Ya dubi daɓen. Daga ramin da aka ciro sarƙar, daɓen ya side ya yi santsi, daidai tsawon sarƙa, ya tsaya. Kofato fasa daɓe yake yi, ba ya goge shi haka. Wannan aikin tafin ƙafa ne, na shekaru. A bangon da ba a kai ga yi wa filasta ba akwai baƙin tabo mai maiƙo, daidai inda kan mutum zai jingina in yana zaune. Ya juya ya dubi ƙofar da shi kansa sai da ya sunkuya.

"Alfadari zai shiga ta nan?"

"Na faɗa wa Kawu haka tun ranar farko," in ji magini. "Ya ce gini aka ɗauke ni yi, ba tarihi ba."

* * *

Kafin la'asar Duba-Ƙasa ya sa leburori suka sake share yashin da manjagara. Ya tara kowa a zaure: Kawu, Goggo da aka aika aka kira, malama, maigadi, ɗan gwangwan, leburori, da jikokin gidan da suka zo don buɗe gidan tarihi. Mutanen gari suka cika ƙofa.

"Kowa zai tako daga nan zuwa ƙofar ɗan ɗakin, ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Ina so in ga tafiyar kowa."

"Har ni?" in ji Kawu.

"Har kai, Kawu. Kai ne babba, in ka ƙi kowa zai ƙi."

Leburori suka wuce, miƙe. Maigadi ya wuce yana ɗaga ƙafa kamar zakara, aka yi dariya. Ɗan gwangwan ya wuce yana cewa a lura da kyau, ƙafarsa ta gado ce. Malama ta wuce, jikoki suka wuce. Duk a kan rijiyar suka taka.

Kawu ya taho yana dogara sanda, kansa a sama. Da ya kai tsakiya, ba tare da ya dubi ƙasa ba, ya karkata dama, ya kewaya, ya koma kan hanya. Goggo ta biyo shi da 'yan gajerun takunta. Ta karkata a daidai inda ya karkata.

"To, ka gani?" in ji Kawu. "Sai a kira 'yan sanda."

"Kawu, juya ka dubi sawunka."

Ya juya. Kowa ya juya. Ga layuka sun miƙe, ga biyu sun lanƙwasa sun kewaye wurin da babu komai.

"Me ka kewaye?"

Kawu ya dubi yashin da ya kewaye.

"Rijiya ce a nan, an cike ta da daɗewa," in ji Duba-Ƙasa. "Mutum biyu ne kawai a cikinmu ƙafarsu ba ta manta da ita ba, don tun suna yara aka hana su matsawa kusa. Wanda ya ɗauki sarƙar ya kewaye ta zuwa da dawowa. Sawun safe babu ramin sanda a gefensa, kuma ƙafar ƙarama ce a cikin babban takalmi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Duk wannan yana nan tun da safe. Ni ne ban duba ba."

Goggo ba ta jira a kira ta ba.

"Tana ƙarƙashin gadona," in ji ta. "Takalman kuwa, silifas ne a ƙafata, yashin da ruwa, na ga na roba a zaure na zura. Wallahi ban yi tunanin kowa ba."

"Rufe mana baki!" in ji Kawu.

"Na rufe, Yaya. Tun da safe ka zo ɗakina ka gan ta da idonka, ka ce in rufe, na rufe. Tun ina yarinya nake rufewa." Ta juya ga jikokin. "Ba alfadari ba ne. Kakarku ce. Innarmu. Ta haihu jaririn bai zo da rai ba, kanta ya taɓu. Ta taɓa nufar rijiyar nan aka riƙe ta. Baba ya ce kada gari ya ji. A bene ana karɓar baƙi, ita tana nan. Ni nake kawo mata abinci. Wani lokaci ta gane ni, ta ce in zauna ta yi mini kitso, sarƙar tana ƙara. Sai da ta rasu aka cike rijiyar." Ta nuna ɗan ɗakin, inda allon yake a kan tebur. "Jiya na sa jikata ta karanta mini wancan. Alfadari. Yara 'yan makaranta za su zo su tsaya suna dariya, a ce ga abin da ake ɗaure dabba. Ban iya ba."

Malama ta buɗe kwaɗon ta shiga ɗakin ta ɗauko allon, ta kife shi a ƙirjinta. Wata jika ta fara kuka a hankali.

"Don mutuncin gidan nan na yi," in ji Kawu. Muryarsa ba ta kai ƙofa ba.

Mutuncin gida. Da wannan kalma aka ɗaure mace marar lafiya har ta mutu, da ita aka mai da ita dabba a kan allo, da ita kuma aka kulle mai neman halalinsa a ɗaki guda, ana shirin miƙa shi ga hukuma, alhali wanda ya ba da umarnin ya san inda kayan suke. Saurayin da ya fara kai mari ya sulale ta bayan taro. Sauran suka bi shi ɗaya ɗaya, kowa yana duban ƙafarsa.

* * *

Magini ya fito yana kare ido daga rana. Matarsa ta shigo, yanzu ba mai hana ta, ta miƙa masa kwanon da ya riga ya huce. Goggo ta durƙusa a gabansa a kan yashi.

"Ɗana, ka yafe mini."

"Tashi, Goggo, ba kyau. Ke uwarki kika ɗauka." Ya kama hannunta ya tashe ta.

Kawu ya matso, ya ce gobe a ci gaba da aiki, za a san abin da za a yi masa. Magini ya ce zai ƙarasa filastar bene don ya riga ya fara, amma ɗan ɗakin a nemi wani.

Sannan Duba-Ƙasa ya tsaya a gabansa. Ya shirya magana tun yana cikin ɗakin, mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Ni na ambaci sunanka."

"Na sani."

"Ban ce kai ne ba. Na ce takalminka ne."

Magini ya dube shi, ya taɓa leɓensa da ya kumbura.

"Malam, su waɗannan ba su iya karatun ƙasa ba, abin da aka ce musu suka bi. Kai ka iya." Ya ɗauki takalmansa ya jefa a buhu, suka fita shi da matarsa.

An buɗe gidan tarihin bayan ɗan jinkiri. Goggo ta ƙi a mayar da sarƙar, dangi kuma ba su matsa ba. An bar ɗan ɗakin yadda yake, da ramin a bango da daɓen da ya side, aka sa sabon allo da ya faɗi wadda ta zauna a ciki. Kawu bai zo ranar buɗewa ba.

Har yanzu ana kiran Duba-Ƙasa idan an yi sata, sai dai mutane suna ƙorafin ya zama mai nawa, sai ya wuni a sunkuye bai ce uffan ba. Gidansa da kasuwa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ta ƙofar magini ta bi. Duk wanda ya iya karatun ƙasa, in ya bi sawunsa da safe, zai ga kafin ya kai ƙofar nan ya karkata, ya shiga lungu, ya ɓullo ta gaba.